Bim ɗin da Aka Kwantar a Siton Alhaji Sahabi

Duk shekara ana turo mini matasa biyu ko uku da suka gama karatun injiniya, su zauna a ofishina da ke Sama Road su koyi aiki. Suna zuwa da kwamfuta a jaka, kuma kusan dukansu suna zuwa da ra'ayi guda: wai lissafin bim, wato gungumen kankare ko ƙarfe da ake gittawa a kan ginshiƙai don ya ɗauki bene, abu ne da manhaja ta riga ta gama da shi. Ka ba ta tsawo, ka ba ta nauyi, ta nuna maka kore, ka buga takarda, ka sa hannu. Bara wani daga cikinsu ya faɗa mini haka a gaban idona, yana cin gyaɗa. Ban yi masa faɗa ba. Na zauna na rubuta wannan ne domin shi da ire-irensa, saboda na gaji da maimaitawa da baki.

Ranar da na fara aiki a ofishin zane, maigidana, Malam Yohanna, bai ba ni fensir ba. Mutumin Filato ne, mazaunin Sabon Gari, ya shekara da yawa a Sakkwato har yana cin tuwon gero ba ya ƙorafi. Ya karɓi takardun shaidata, ya duba su sama-sama, ya ajiye. Sannan ya jawo sandar rake daga bayan teburinsa ya miƙo mini.

"Umaru, lanƙwasa wannan a gwiwarka. A hankali. Kada ka karya."

Na lanƙwasa.

"Ina ya fara tsagewa?"

Na ce ta waje.

"Ta ciki fa?"

Na ce ta ciki ya tattare.

"Tsakiya fa?"

Na duba, na ce tsakiya babu abin da ya same shi.

Ya ce, "To, ka gama karatu. Sauran duk lissafi ne. Ka ba ni rakena."

Abin da ya nuna mini ke nan, kuma shi ne abin da nake so ku riƙe. Duk bim ɗin da aka ɗora wa nauyi yana lanƙwasa, ko ido ya gani ko bai gani ba. Samansa yana matsuwa, ƙasansa yana miƙewa, a tsakiya kuma akwai layi guda da babu ruwansa. Kankare yana jure matsi amma ba ya jure ja, shi ya sa muke sa manyan rodi a ƙasa, inda ake jan. Gwargwadon nisan da ke tsakanin sama mai matsuwa da ƙasa mai miƙewa, gwargwadon ƙarfin bim ɗin. Zurfi ke aiki. Faɗi ɗan rakiya ne. Maginan da, masu jera azara a soro, ba su rubuta wannan ba, amma ba za ka ga sun ɗora rufi mai nauyi a kan siririyar azara guda ba.

A lissafi kuwa ga yadda yake. Ka fara nemo ƙarfin lanƙwasar da nauyi ke yi wa bim a tsakiyarsa. Idan nauyin a baje yake, ka ninka shi da tsawon bim sau biyu, ka raba takwas. Sannan ka nemo ƙarfin da siffar bim ɗin ke da shi: faɗi sau zurfi sau zurfi, a raba shida. Ka raba na farko da na biyu, abin da ya fito shi ne wahalar da kayan ke sha a gefen da ya fi nisa da tsakiya. Idan ta wuce abin da kayan za su iya jurewa, ka sake zane. Ku lura cewa faɗi sau ɗaya ya shiga lissafin, zurfi sau biyu. A bim na kankare mai rodi akwai ƙarin matakai, amma gaskiyar ba ta canzawa.

Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa: teburin zane, rula mai kai, fensir mai tauri da mai taushi, kalkuleta, tef na awo, da littafin jadawalin ƙarfe wanda bangonsa ya rabu da shi tun kafin zuwana. Malam Yohanna yana da doka: kowane lissafi a yi shi sau biyu, ta hanya biyu, kuma kowace takarda a sa mata lamba a ajiye. Har yau ina bin wannan doka. Babu bim ɗin da na taɓa sa wa hannu da takardar lissafinsa ba ta cikin kabad ɗina a gidana da ke unguwar Arkilla. Uwargidana ta daina tambaya yaushe za a ƙone su.

Masu ba da aiki kuma iri-iri ne, kuma babu manhajar da ta san su. Akwai wanda zai ce maka ɗakin kwana ne a sama, ka yi lissafin gado da katifa, bayan shekara ka wuce ka ga an hau da injin niƙa. Akwai wanda zai ɗora tankin ruwa uku inda ka yi lissafin ɗaya, ya ce ai ruwa ne, ba dutse ba. Akwai mai aikin famfo da zai huda bim ta ƙasa, ya yanke rodi biyu don bututunsa ya wuce a miƙe, sannan ya shafe wurin da siminti da kyau, har ya kira ka ka ga tsaftar aikinsa. Saboda haka tambayar farko a wannan sana'a ba ta lissafi ba ce. Tambayar ita ce: me za a ɗora a sama, kuma wa zai zauna a ƙasa?

Aikin da nake so in ba ku labarinsa na Alhaji Sahabi ne, babban ɗan kasuwar hatsi. Shi bai ɓoye mini komai ba, kuma na yaba masa a kan haka. Ya ce sito yake so mai bene a bayan kasuwar hatsi. Da kaka zai sayi gero da dawa ya jibge a sama, ya jira bazara. A ƙasa kuma yana son zaure mai faɗi wanda mota za ta shiga da lodi a sauke a inuwa. Na tambaye shi sahu nawa na buhuna zai jera a sama. Ya ce shida. Na ce ya faɗi gaskiya. Ya ce shida, sai dai in gero ya yi araha. Na rubuta shida, na sa ya ga na rubuta.

Faɗin zauren ƙafa goma sha shida ne, babu ginshiƙi a tsakiya saboda motar. Bim ɗin da zai haye wannan zaure shi ne zai ɗauki mafi yawan nauyin benen. Na yi lissafi sau biyu, ta hanya biyu, ya ba ni faɗi inci tara, zurfi inci ashirin da huɗu, da manyan rodi a ƙasa. Na zana, na rubuta a jikin zanen da manyan haruffa cewa kada a zuba kankare sai na zo na duba. Na ba Bawa, shugaban maginan Alhaji, kwafi a hannunsa.

Ba a kira ni ba. An samu injin kwaɓa kankare a wani mako, aka zuba, aka bari ya bushe, aka cire katako da itatuwan tokara. Sai da ya rage a sa hannu a takardar kammala gini sannan aka tuna da ni. Na hau keke daga Arkilla na isa da hantsi. Daga bakin titi na ga zauren ya yi kyau ƙwarai, ya yi tsawo, ya yi fili. Ya fi yadda na zana shi fili. Na shiga na ɗaga kai, na zaro tef, na sa aka kawo tsani. Faɗi inci ashirin da huɗu. Zurfi inci tara.

Na kira Bawa. Ya zo yana share hannu a riga, fuskarsa a sake, irin ta wanda yake jiran yabo.

Na ce, "Bawa, me ya samu bim ɗina?"

Ya ce, "Lahiya lau, Injiniya. Kwantar da shi munka yi."

Na ce, "Saboda me?"

Ya ce, "Munka auna motar Alhaji da lodi, munka ga in shina tsaye, buhun sama shi ka bugunai. Alhaji yac ce a yi dabara. To, ga dabara. Kuma wallahi ko rodi guda ba mu rage ba. Siminti ɗaya na, tsakuwa ɗaya ta. Manyan rodin ma ƙasa munka maishe su, awa yadda kake so. Ƙirga ka gani."

Na yarda da shi, kuma daga baya na tabbatar. Bawa ba ɓarawo ba ne. Wannan ne ya sa abin ya fi muni, domin ɓarawo ya san ya yi laifi. A wurinsa da wurin Alhaji, bim kamar buhun gero yake: ka tsai da shi ko ka kwantar da shi, mudun da ke ciki bai ragu ba. Mutanen da suka yi rayuwarsu suna awo da mudu ba za su ga kuskure a nan ba. Ku kuwa ku yi lissafin. Tara sau ashirin da huɗu sau ashirin da huɗu, a raba shida: ɗari takwas da sittin da huɗu. Ashirin da huɗu sau tara sau tara, a raba shida: ɗari uku da ashirin da huɗu. Kaya ɗaya, amma ƙarfin da ya rage kashi uku ne cikin takwas. Lotsawa kuwa, tunda ita zurfi sau uku yake shiga lissafinta, ta ninka kusan sau bakwai.

Ina tsaye ina wannan lissafi a bayan zanen, sai na lura da abin da ke ƙasa. Rana ta fara zafi, kuma kun san ranar Sakkwato. 'Yan dakon kasuwa sun riga sun gano sabuwar inuwa. Sun shimfiɗa buhunan da babu komai a tsakiyar zauren, daidai ƙarƙashin bim ɗin, wasu sun miƙe ƙafa, wasu sun yi barci, mai fura ta ajiye ƙwaryarta a gefe. Ga amsar tambaya ta biyu, wato wa zai zauna a ƙasa. Lokacin kaka kuma yana bakin ƙofa.

Alhaji Sahabi ya iso bayan azahar. Muka gaisa gaisuwa cikakkiya, na tambayi iyali da kasuwa, ya tambayi aiki da gajiya. Sannan ya miƙo mini takardar da biro.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan sa hannu ba."

Ya ce, "Mi ya hwaru?"

Na yi masa bayani kamar yadda na yi muku, har da lambobin. Ya saurara har ƙarshe, domin mutum ne mai natsuwa. Sannan ya buga bim ɗin da sandarsa daga ƙasa, ya yi ƙara irin ta dutse.

Ya ce, "Injiniya, kai ɗan boko na, ni ɗan kasuwa. Ka ce an sace min rodi?"

Na ce a'a.

"An rage min siminti?"

Na ce a'a.

"To, kayana suna ciki duka, amma ƙarhin ya hita. Ta wace ƙohwa ya hita?"

'Yan dako suka yi dariya. Bawa ma ya yi, amma a hankali. Na ɗauko katakon da suke takawa su hau mota, na ɗora shi a kwance kan bulo biyu, na taka, ya lotsa har ya kusa taɓa ƙasa. Na juya shi a kan gefensa, na sa mutum biyu suka riƙe, na taka, bai motsa ba. Alhaji ya kalla da kyau.

Ya ce, "Katako daban, kankare daban. Gobe mota ta ka zuwa da gero. Ko ka sa hannu ko ba ka sa ba, bisa za shi."

Gaskiya ya faɗa. Ba ni da ɗan sanda, ba ni da kwaɗo. Zan iya kai ƙara inda ake kaiwa, kuma na shirya kaiwa, amma kafin takarda ta zagaya tebura gero ya hau. Saboda haka na ce, tunda za a hau da shi, a bar ni in tsara yadda za a hau da shi, ya zama gwaji. Sharaɗi uku: a mai da itatuwan tokara a ƙarƙashin bim da benen, amma a bar ɗan sarari tsakanin kansu da kankare, don in ya sauko su tare shi, kada kowa ya kwanta a zauren, kuma in na ce a tsaya, a tsaya. Wannan ba ƙirƙirata ba ce, haka ake gwajin nauyi. Alhaji ya yarda, domin ya tabbata zan ji kunya a gaban jama'a, kuma ba ya ƙin ganin haka.

Washegari da safe aka jera itatuwan. Na tsakiya na auna shi da kaina. Ina neman abin da zan sa a kansa wanda kowa zai gani, sai Alhaji ya sa hannu a aljihu ya zaro farin goro babba.

Ya ce, "Aza wanga. In bim ɗinka ya ci goro, na yarda."

Na ce, "Ba bim ɗina ba ne, ranka ya daɗe. Nawa a tsaye yake."

Na ɗora goron a kan itacen. Tsakaninsa da kankare akwai sararin da ɗan yatsa zai shiga. Na riga na yi lissafina tun jiya, na gaya masa a gaban kowa cewa ba za a gama sahu na biyu ba. Ya ce Allah shi kai mu. Aka kawo masa kujera ya zauna a bakin ƙofa daga waje, aka fara hawa da buhuna ta matakalar baya.

Sahu na farko ya cika. Na leƙa, sararin ya tafi, kankare ya zauna a kan goron. Na kira Alhaji ya gani. Ya ce goron ne ya kumbura saboda sanyin siminti. Aka fara sahu na biyu. 'Yan dako sun daina waƙa, kowa ya sauke buhu sai ya zagayo ya leƙa. Mai fura ta matsar da ƙwaryarta zuwa tsallaken titi ba tare da an ce mata komai ba. An kai wajen rabin sahun sai muka ji ƙas, ƙaramar ƙara, irin wadda ake ji in dattijo ya fasa goro zai raba wa baƙi. Ɓari guda ya faɗo ƙasa. A cikin bim ɗin ta ƙasa, daidai tsakiya, wasu siraran layuka sun bayyana kamar an ja su da allura.

Na ce a tsaya. Aka tsaya. Saura sahu huɗu da rabi a cikin mota.

Alhaji ya tashi ya ɗauki ɓarin goron, ya juya shi a hannu. Ya kalli wurin da 'yan dako suka kwanta jiya, inda buhunansu ke shimfiɗe har yanzu. Sannan ya ce, "Bawa, a sauko da geron ga." Ya juyo gare ni. "Mi ag gyara?"

Gyara uku ne. A fasa bim da benen a sake zubawa a tsaye, wanda zai cinye masa kakar bana. Ko a tokare shi da bim na ƙarfe ta ƙasa, wanda zai cinye sararin da aka yi dabarar dominsa. Ko a dasa ginshiƙi a tsakiyar zauren, wanda zai raba tsawon biyu. Tunda tsawo sau biyu yake shiga lissafin lanƙwasa, raba shi biyu yana mai da wahalar kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Amma ku kula: ginshiƙi a tsakiya yana juya lanƙwasar a kansa, sama ya koma shi ke miƙewa. Dole na sa aka sassaƙe saman benen a wurin aka ƙara rodi, aka kuma haƙa wa ginshiƙin tushe nasa. Wanda ya dasa ginshiƙi bai yi wannan ba, ya matsar da tsagar ne kawai daga ƙasa zuwa sama.

Ya zaɓi ginshiƙi. Mota ba ta taɓa shiga zauren ba har yau. Ya tambaye ni, da an kira ni tun farko me zan ce. Na ce da na ce a haƙe ƙasan zauren inci goma sha biyar, ko a sauke buhun sama a waje. Bai ji daɗin amsar ba. Na sa hannu a takardar bayan an gama gyara, na sa mata lamba, na ajiye.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a aikina. Rodi da siminti suka yi tsada, masu gini suka tsaya, waɗanda ba su tsaya ba kuma sun ji labari. Alhaji bai zage ni ba, ba halinsa ba ne. Abin da kawai yake cewa in an tambaye shi shi ne, "Mutumin kirki na. Amma in kana son ƙohwarka, kak ka kira shi." Wannan ya isa. Na yi shekarar ina zana katanga da ramin bayan gida. Malam Yohanna, wanda ya riga ya yi ritaya, ya zo ofis ya karanta lissafin siton daga farko zuwa ƙarshe, ya ce na manta sa kwanan wata a shafi na uku. Na sa.

Saboda haka, ku da kuke cewa manhaja ta gama komai: manhajar da ta ba ni inci tara da ashirin da huɗu ba ta yi ƙarya ba. Amma ba ta san motar Alhaji ba, ba ta san Bawa mai dabara ne ba, ba ta san inda ɗan dako ke barci da rana ba. Ku riƙe tef a aljihu, ku je wurin kafin a zuba, ku ɗaga kai.

Kwanan baya na bi ta bayan kasuwar da rana tsaka. Benen cike yake, na ƙirga daga taga, sahu shida. A cikin zauren, 'yan dako suna kwance sun kewaye ginshiƙin, wanda na ji suna kira Injiniya. Alhaji Sahabi ya tsufa, an daina kai masa kujera bakin ƙofa. Yana zaune a kan darduma a tsakiyarsu, ya jingina bayansa da ginshiƙin. Ya gane ni, muka gaisa, ya fasa goro ya ba ni ɓari.

Ya ce, "Injiniya, abin ga naka har yau shina tare min hanya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, aikinsa ke nan."